Iya ruwa fid da kai: shiga kwale-kwale da yara a ruwayen Neja cikin hunturu

Daga tsakiyar watan Disamba hanyar Suleja zuwa Minna kan cika da motocin ma'aikatan Abuja masu tafiya hutun ƙarshen shekara, kujerun baya maƙil da yaran da aka haifa a Kubwa ko Lugbe ko Gwarinpa, waɗanda ruwan da suka sani bai wuce na famfo da na jarkar mai ruwa ba. Ga da yawa daga cikinsu Minna zango ce kawai. Garin kakanni yana gaba, can wajen Kuta ko Wushishi ko Mokwa ko ƙasar Borgu, kuma a wurare da dama titi kan ƙare ne a bakin kwata, daga nan sai fito. Wasu kuwa shaƙatawa ce ta fito da su: a tsaya a kalli gangaren ruwan Gurara, a leƙa madatsar Tagwai da ke shayar da Minna, in an samu mai ƙaramin jirgi a ba shi 'yan kuɗi ya zaga da yara. Akwai ma waɗanda suka ɗanɗana tuƙa kayak, wato siririn kwale-kwalen roba mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, a tafkin Jabi, suka ɗauka ko'ina ruwa haka yake.

Jihar Neja ƙasar ruwa ce fiye da yadda mazaunin Abuja yake tsammani. Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan kogin Kwara, ta tara tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, kuma tsohon garin Busa yana kwance a ƙarƙashinsa. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, sai ta Zungeru a 'yan shekarun nan. Wutar da ke haska ofisoshinmu a Sakatariyar Tarayya, wani kaso nata daga waɗannan ruwaye take zuwa. Mutanen da ke zaune a gaɓarsu kuwa, jirgi ne motarsu ta zuwa gona da kasuwa da biki da asibiti.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk mai bin labarai. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara, a ruwan da ke tsakanin Neja da Kebbi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa cikin dare daga wani ɗaurin aure a ɓangaren Neja. A watan Satumbar shekarar, wani jirgin ya kife a ƙaramar hukumar Mokwa da mutane masu zuwa gona, akasarinsu mata da yara. Ranar 1 ga Oktoban 2024, da dare, wani ya sake kifewa tsakanin Mundi da Gbajibo lokacin bikin Mauludi, da mutane kusan 300 a ciki, aka ceto wajen rabinsu. A can Kano ma ba a manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau, suka nutse a madatsar Watari kan hanyarsu ta zuwa Bagwai. Wanda ya karanta rahotannin nan a jere zai tarar da kalmomi biyu suna ta dawowa: mata da yara. Namijin da ya tashi a bakin kogi yakan yi iyo ya fita. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma sun yi gaskiya, sai dai karin maganar ba ta ce komai ba game da wanda aka ɗauko a hannu aka shigo da shi jirgi ba tare da an shawarce shi ba.

Sanyin da ake rainawa

Mutumin Minna zai yi dariya in aka ce masa ruwan Shiroro yana da sanyin da zai cutar. Gari ne da zafi ke gasa mutane daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma lallai ruwayenmu ba su kai na Turai sanyi ba, inda masana ke kiran ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 mai haɗari nan take. Amma lissafin jiki daban yake da na fata. Jikin ɗan Adam yana zaune ne a wajen digiri 37, kuma da zarar zafin cikinsa ya sauka ƙasa da 35 aiki ya fara ɓaci: karkarwa, nauyin baki, ruɗewa, hannu ya kasa riƙe abu. Ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki ninki 25 fiye da iska mai sanyi daidai da nasa. Ke nan ko ruwan da hannu ya ji shi da ɗan dama, in mutum ya daɗe a ciki, cinye shi yake yi sannu a hankali.

Yaro ya fi babba saurin shiga wannan hali, domin fatarsa tana da faɗi in an gwada da nauyinsa, ga ƙarancin kitse da tsoka. Abin da uba zai jure na sa'a biyu yana rataye da gefen jirgi, ɗansa mai shekara biyar ba zai jure rabinsa ba. Sannan akwai abin da ya fi zama namu na nan gida, wato iskar hunturu. Busasshiya ce ƙwarai, shi ya sa wanki ke bushewa kafin a juya. Yadda take tsotse ruwa daga zanen da aka shanya, haka take tsotse shi daga rigar da ke jikin yaro, kuma kowane ɗigon da ya tashi da zafin jikinsa yake tafiya. Yaron da feshin ruwa ya jiƙa da sassafe, ya zauna sa'a guda a jirgi mai inji iska na dukansa, zai iya isa gaɓa leɓɓansa sun canza launi alhali ko ƙafarsa ba ta taɓa kogi ba. Yaro kuma ba ya faɗa. In yana jin daɗin tafiyar zai ce lafiya lau yake, haƙoransa na kaɗawa. Wanda ya kamata a fi tsoro shi ne wanda ya daina surutu, ko wanda ya yi ta karkarwa sannan ta tsaya ba tare da an ɗumama shi ba.

Maganin abu ne mai arha. A sa wa yaro rigar sanyi ta roba-roba irin ta 'yan ƙwallo, a ɗora wadda iska ba ta ratsawa, a rufe masa kai da hula. Auduga kuwa, duk da son da muke mata, in ta jiƙe riƙe ruwa take yi ta manne a jiki. A tafi da busassun kaya da bargo a ƙulle cikin leda biyu, da shayi mai sukari a fulas.

Ga ma'aikatan da aiki ko karatu kan kai ƙasashen sanyi da iyalinsu, maganar ta fi haka nauyi. Ranar 11 ga Yunin 1978, a tafkin Temiskaming na Kanada, kwale-kwale huɗu na wata makarantar kwana suka kife, yara maza 12 da babba ɗaya suka mutu. Suna sanye da rigunan kariya, sanyi ne ya kashe su, a watan da can ake ɗauka bazara ce. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa a irin wannan ruwa da lambobi uku: minti 1 na farko numfashi ne ke ƙwacewa, sai mutum ya natsu ya shawo kansa; wajen minti 10 hannu da ƙafa ke da sauran amfani; sannan kimanin sa'a 1 kafin hankali ya gushe, in akwai rigar da ta riƙe kai a sama. A can, hasken rana ba ya faɗin zafin ruwa. Sai an tambaya.

Iska, hazo da kututture

Ranar 22 ga Maris 1993, a gaɓar Lyme da ke kudancin Ingila, ɗalibai takwas da malaminsu da masu horarwa biyu suka fita da kayak don ɗan gajeren tuƙi a gefen teku. Iska mai busowa daga tudu ta kora su ciki, jiragen suka cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya, aka yi jinkirin sanar da masu ceto, huɗu daga cikin ɗaliban suka rasu. Shari'ar da ta biyo baya ta kai shugaban kamfanin gidan yari, kuma a 1995 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga masu fita da yara irin wannan wasa.

Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma takan ƙara ƙarfi da hantsi. Wanda ya tsaya a gaɓar da iskar ke fitowa ta bayansa zai ga ruwa kwance kamar faranti, saboda tudu ya kare shi. Tafiyar 'yan mitoci kaɗan, iska ta kama jirgi, igiyar ruwa ta fara girma, komawa ta zama aiki. Kayak ba shi da nauyi, musamman irin wanda ake hurawa, iska na wasa da shi kamar ƙwarya. Ƙa'idar masu tuƙi ita ce a fara tafiya ana fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, domin ta turo mutum gida in ya gaji, kuma a bi gefen gaɓa, kada a yanka tsakiyar tafki. Da yaro a jirgi, nisan da ya dace da gaɓa shi ne wanda babba zai iya yin iyo yana jan yaron. Ga mafi yawanmu, in za a faɗi gaskiya, wannan nisa bai fi tsawon filin ƙwallo ba.

Hazo na ƙara dagula lamarin. A ranar da ya sauka sosai ɗaya gaɓar kan ɓace, kuma direban babban jirgi mai inji, wanda kaya suka tare masa gaba, ba lallai ya hango ƙaramin kwale-kwale da ke dab da fuskar ruwa ba. Tufafi masu launi mai ɗaukar ido da usur a wuyan kowa suna da amfani a nan.

Sai kututture, wanda ya fito a rahoton haɗura da dama, har da na Patigi. Lokacin da aka tare kogunan nan, dazuzzuka ne ruwa ya haɗiye da itatuwansu a tsaye. In ruwa ya cika suna can ƙasa, in ya ja da rani sai su taso dab da sama, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi na samu. Kuma tafkunan ba tare suke cika da raguwa ba. Shiroro da damina take cika, ta yi ta sauka har ruwan sama ya dawo. Kainji kuwa cika biyu take samu: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso nan cikin hunturu. Hanyar da aka bi lafiya a watan Oktoba ba ita ba ce a watan Janairu. Wannan ilimi yana kan Sarkin Ruwa da masunta da 'yan fito, Sarkawa da Gungawa da Nufawa waɗanda suka gaji kogin. Baƙon da ya sauke jirginsa daga kan mota ya tura ruwa bai gaishe su ya tambaya ba, ya bar taswirar da ta fi kowace a bakin gaɓa. Su ne kuma za su gaya masa inda dorina take, da inda bai kamata a kusanci madatsa ba, ko ta sama inda ruwa ke jan abu zuwa injina, ko ta ƙasa inda yakan taso farat ɗaya in an buɗe ƙofofi. A wasu sassan Shiroro da Borgu akwai tambayar tsaro ma, wadda ita ce ta farko kafin ta ruwa.

Rigar da ta dace, da goyon da bai dace ba

Rigar kariya ta manya ba ta ceton yaro. In ya faɗa ruwa rigar ce za ta taso sama, shi kuma ya zame ta ƙasa, ko ta rufe masa fuska. Ta yara da nauyi ake auna ta, kuma akan rubuta kilo nawa zuwa nawa a jikinta. Ta ƙananan yara tana da abin wuya mai tallafe kai ta baya, da ɗamara mai ratsawa tsakanin ƙafafu, da madauki a ƙeya wanda za a kama a ɗago shi. Gwajinta ba wuya: a ɗaure ta tsaf, a kama kafaɗunta a ɗaga. In ta haura haɓa ko kunnuwa, ta yi masa yawa. Robobin hannu da tayoyin wasa da ake hurawa kayan wasa ne, sunansu ke nan. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a nemi rigar tun a Abuja, a bar yaro ya gwada ta a ruwa marar zurfi don ya san yadda take ɗaga shi, kada a dogara da cewa za a samu daidai shi a kwata. Babba ma ya sa tasa. Uban da ya ɗaure wa 'ya'yansa riga ya zauna da babbar riga kawai, ya shirya musu kallon nutsewarsa ne.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba, wataƙila don ta taɓa al'ada. Goyo shi ne wurin da jariri ya fi aminci a kan tudu, a cikin jirgi kuwa akasin haka ne. In uwa ta faɗa ruwa, duk yunƙurin da za ta yi don ɗaga fuskarta ta shaƙi iska yana danna na bayanta ƙasa, kuma in tana sanye da rigar kariya, rigar an yi ta ne don ta kwantar da ita rigingine. Kwance majanyi da zani a cikin ruwa, cikin firgici, ba abu ne da za a dogara da shi ba. A sauke goyo kafin a shiga jirgi, a rungume jariri a gaba da tasa rigar. Haka nan ba a ɗaure yaro da jirgi ko da jikin babba da igiya, komai kyan niyya, domin in jirgi ya kife da shi zai kife. Jaririn da bai kai nauyin rigar da ta fi ƙanƙanta ba, in tafiyar ta shaƙatawa ce, zamansa a gida ya fi. Dogon hijabi da zani da malum-malum kuwa suna harɗe ƙafa da hannu, su yi nauyi lokacin da ake son jawo mutum cikin jirgi. A tattare su, a ɗaura rigar kariya a samansu.

Wurin zaman yaro shi ne ƙasan jirgi, a tsakiya, a gaban babban da ke kallonsa. Kowane yaron da bai iya iyo ba a san sunan babban da ke da alhakinsa tun kafin a tashi, domin yaron da kowa ke kula da shi ba mai kula da shi. A kayak mai mutum biyu babba ne a baya, kuma kada babba ɗaya ya fita da yara shi kaɗai ba wani jirgi a kusa. Kafin a biya kuɗin fito a dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi. In ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ga buhuna ga babura ga awaki, a sauko a jira na gaba, ko da za a ce ɗan birni ya cika tsoro. In rana ta yi ƙasa a kwana. Dokar sufurin ruwa ta 2023 da hukumar NIWA ke aiki da ita ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce kima, ta wajabta rigar kariya, amma jami'in hukuma ba ya kowace kwata, kuma a inda babu shi uba ne jami'in.

In abin ya faru

Nutsewa ba ta da hayaniya irin ta fim. Yaron da ke nutsewa ba ya iya ihu, bakinsa na fitowa yana komawa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. In jirgi ya kife a zauna tare da shi, domin jirgin katako ko na roba yakan ci gaba da yawo a sama, kuma ya fi kan mutum sauƙin hangowa. A ɗora yara a bayansa don a fid da jikinsu daga ruwa gwargwadon iko. Wanda ke gaɓa ya miƙa gora ko filafili, ko ya jefa jarka marar komai da murfinta a rufe, an ɗaura mata igiya. Faɗawa ruwa ga wanda bai koyi ceto ba sau da yawa gawa biyu yake jawowa.

In an fito da yaro ba ya numfashi, iska yake buƙata kafin komai. A kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har ya farfaɗo ko taimako ya zo, wani kuma ya kira 112. Danna ciki don fitar da ruwa, ko riƙe yaro ta ƙafa a juya kansa ƙasa kamar yadda aka saba gani, ɓata lokaci ne, kuma yana turo abin da ke cikinsa zuwa huhu. In yana numfashi a cire jiƙaƙƙun kaya, a tsane shi, a naɗe shi har kai, a kare shi daga iska, babba ya rungume shi a jikinsa. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a kara shi dab da wuta. Shayi sai in ya farka sarai yana iya haɗiya. Yaron da ya shaƙi ruwa, yana tari ko numfashinsa na sauri ko barci na fizgarsa, asibiti za a kai shi ko da ya miƙe da ƙafarsa, domin huhu kan nuna rauninsa bayan sa'o'i. Daga yankin Shiroro, Babban Asibitin Minna da asibitin ƙwararru na IBB ne a gaba. Daga ƙasar Nufe, asibitin tarayya na Bida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne a kan gaba. A 2025 Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, kuma a Minna aka fara. Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, wadda hedkwatarta ke Minna, ita ma ta sha raba irinsu. Aiki ne mai kyau. Amma masu karanta wannan shafi da yawansu su ne ke rubuta takardar da maigida zai sa wa hannu, su ne ke tsara aikin mazaɓa da jerin kayan da za a saya, don haka su ya kamata su riƙa yin tambayoyin da ba a yi a wurin bikin rabo. Cikin kowace riga 100, nawa ne na yaro mai kilo 15, nawa na mai kilo 30? A hannun wa za a ajiye su a kwata, kuma wa zai ƙirga su bayan wata shida? In takardar sayen kaya ta ce "rigunan kariya" kawai ba ta faɗi awo ba, ɗan kwangila na manya zai kawo, a ɗauki hoto, a watse, alhali waɗanda sunayensu suka fi yawa a jerin mamatan Bagwai ba su kai girman sa su ba.

Wani abu kuma da zai iya biyo iyali har Abuja bayan an dawo lafiya: ruwan da ke kwance a gefen tafki, inda ciyayi da dodon koɗi suke, nan tsargiya take. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Yaron da ya yi wasa a irin wurin, in bayan makonni ya fara zazzaɓin da ba a gane kansa ba, ko aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a gaya wa likita sunan ruwan da ya shiga da ranar da ya shiga. Maganinta, praziquantel, da nauyin yaro ake auna shi, kuma yawanci a yini ɗaya ake shanye shi.